Abin da Ya Huda Kwanonin Aurena

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba irin wadda nake yi muku bayan an ci tuwo ba ce. Wannan da ƙafata na taka ta. Ni Habsatu, wadda kuke ce wa Iya, ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Jikata Nafisa ce ke riƙe da alƙalami, ni ina riƙe da magana, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki. Abin da ya sa na ce a rubuta, a wajen sunan da aka yi kwanan baya na ji wata yarinya, wadda a gabana aka haifi uwarta, tana ce wa Nafisa dangin waɗanda suka cinye jerensu a Najeriya. Maganar ta girmi yarinyar. Na daɗe ina jin ta ina haɗiyewa, domin in na buɗe baki akwai wanda zan kunyata, kuma a lokacin yana raye. Yanzu kakanku ya riga mu, Allah ya jiƙansa, na kuma san da yana nan da kansa zai ce in faɗa. To, ku ji yadda aka yi da kwanonin aurena.

Shekarar da nake nufi ban san lambarta ba. Shekara ce da gero ya tashi ya kai gwiwa, sannan sama ta ɗauke ruwanta ba ta waiwayo ba. Garinmu yana nan inda yake a ƙasar Ollelewa, rumbuna suna tsaye amma in ka buga cikinsu sai su amsa maka. Makiyaya suka gangaro daga wajen Tarka tun kafin lokacinsu, da shanu haƙarƙari a waje. Maza suka fara ɗaure kaya, wasu arewa wasu kudu. Kakanku ya ce babu abin da zai bar mini in ci, don haka tare za mu tafi. A lokacin ina goyon 'yar farina, wadda ba na kama sunanta, kuke ce mata Tanoma. Surukata Inna Gaji ta ce ita ƙafarta ba ta bar garin nan a ƙuruciya ba, ba za ta bar shi da tsufa ba. Ranar da za mu tashi ta kira ni bayan gida, ta sa na hau rumbunta na sauko da damin da ya rage, irin da ta zaɓa da hannunta a kakar bara. Geronmu ne na Damargu, gajeren zangarniya mai kauri, wanda ba ya roƙon ruwa da yawa kafin ya nuna. Ta kwance damin ta raba shi biyu.

"Wannan zan riƙe, wannan za ki tafi da shi," in ji ta. "Ba a ajiye iri wuri ɗaya. In nawa ya tafi, naki na nan."

Na ce, "Inna, ai da Malam kika ba wa."

"Ɗana ne, na san shi. In ya ga aboki cikin wahala zai kyautar. Ke na ba wa. Geron kudu yana son damina mai tsawo, in kuka kawo shi nan zai yi ganye ya yi kara, ruwa ya ɗauke ya bar shi ba ido. In babu wannan, ba ku da abin dawowa. Kin ji ni, yarinya?"

Na ce na ji. Na naɗe zangarniyar a tsohon zane. Daga cikin jerena kuma na ɗauki kwanoni uku, manya, farare masu jan fure, waɗanda uwata ta yi shekaru tana kiwon awaki kafin ta haɗa mini. Ban taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Ku 'yan yanzu kuna da kabad da gilasai, ba za ku gane ba. A zamaninmu mace in ta shigo ɗakinki, kafin ta gaishe ki idonta ya gaida bango. Kwanonin nan su ne fuskar uwarki a gidan miji, su ne abin da za ki miƙa wa 'yarki ranar nata auren. Ƙananan na bar wa Inna, manyan na jera ɗaya cikin ɗaya na ɗaure. Murafensu ban ɗauka ba saboda nauyi.

Muka shiga kamyo, babbar motar kaya, daga Tanut zuwa Damagaram, daga nan muka bi masu tafiya har muka ƙetare iyaka. Ba mu tsaya ba sai wani ƙauye a bakin fadama, a ƙasar Haɗeja, inda wani mai gona ke neman masu ban ruwa a lambun albasa da tattasai. Ya ɗauki kakanku, ya ba mu ɗaki jingine da ɗakin da yake ajiye shinkafarsa. Ni da na taso inda ake tafiyar safiya guda kafin a ga rijiya, na ga ruwa kwance yana walƙiya babu mai gadinsa, sai na tsaya ina kallo kamar sabuwar haihuwa. Maƙwabciyarmu Talatu, matar mai kula da shanun huɗa, mace gajera mai faɗin murya, ita ta fara yi mini magana.

"Sannu da zuwa, 'yar Faransa. Kin ga ruwa, ko? Kalla da kyau, ba a biya. An gaya miki ɗakin nan da masu shi?"

Na ce mai gona ya ce babu kowa.

"Mai gona ba ya kwana a ciki. Ki dai wanke wa yarinyar nan hannu da ƙafa kafin ki kwantar da ita."

Ban gane ba sai da gari ya waye. Ɓeran garinmu kun san shi, ɗan mitsitsi ne mai launin rairayi, in ya ji tari ya gudu. Na can shinkafa ta ƙoshe su, baƙaƙe ne masu kaurin wutsiya, suna bin azara da rana tsaka suna kallon mutum kamar shi ne baƙon. Gaskiyarsu ne kuma, mu ne baƙin. Akwai gafiya a ƙarƙashin bango, wadda raminta zai ɗauki hannun babban mutum. Safiyar farko na tarar an huda zanen iri wuri uku, ɓuntu warwatse a ƙasa, zangarniya da yawa an bar mini sanda kawai. Na zauna na tsince ƙwayar da ta zube ɗaya bayan ɗaya. Talatu ta ba ni aron kyanwarta. Kyanwar ta shigo da ƙasaita, ta leƙa ramin gafiya, ta fita ta hau katanga, ba ta sake taka ɗakin ba.

"Kada ki ga laifinta," in ji Talatu. "Tana da 'ya'ya ƙanana."

Sai na ce bari in yi yadda muke yi a gida. Na sussuke zangarniyar da hannu, na sheƙe, na gauraya ƙwayar da toka, na zuba a tulu, na liƙe bakin da yumɓu. Na haƙa rami a ƙuryar ɗaki na binne tulun, na daɓe wurin, na ɗora randa a kai. Haka uwata ke yi, haka uwarta ke yi, kuma a rairayin Damargu tulu zai shekara a ƙasa ka tono shi kamar jiya ka sa. Na kwanta da farin ciki, ina jin su suna kai da kawowa a sama ina ce musu a raina ku nema. Abin da ban sani ba, ƙasar fadama ba ta bushewa. Samanta ne ke tsagewa, cikinta kullum a jiƙe yake. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba a aikin da na iya tun ina yarinya. Wata ya juya, rannan ina shara na ji wani wari kamar na tsohuwar gasara yana tasowa daga ƙuryar. Na janye randa na tona. Tulun ya yi gumi, tokar ta dunƙule, na ƙasa ya yi fumfuna ya zama kore, wani ma ya tsira ya mutu a cikin duhu. Na fitar da shi tsakar gida na baza a tabarma, na wuni ina tsincewa ina korar kaji. Abin da na ceto bai fi tiya biyu ba, daga abin da ya kusa cika tulu.

Da kakanku ya dawo daga lambu, ƙafafunsa duk taɓo, ya tsaya ya dubi tabarmar ya daɗe. Mutum ne mai sanyin hali, bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Habsatu, mai gona ya yi mini magana," in ji shi. "Ya ce in muna so mu zauna, zai yanka mini wuri a bakin ruwa in riƙa nomawa muna rabawa. Nan ruwa ba ya yankewa. Ga shi kuma irin ya ƙare."

"Bai ƙare ba, Malam."

"Abin da ƙasa ta bari ɓera zai ƙarasa. Ki daka shi ki yi wa yarinya kunu, ya fi a ciyar da su."

"Inna fa?"

"Zan je in ɗauko ta."

"Ka san ba za ta zo ba. Kuma gonar da za a yanka maka, ranar da ka yi ciwon baya ta wa ce?"

Na ce masa ya ba ni zuwa lokacin da gajimare zai fara taruwa a gabas. In a lokacin akwai iri mai rai a hannuna, mu koma gida. In babu, na zauna, ba zai sake jin bakina ba. Ya ce ya yarda. Ina jin ya yarda ne don ya tabbata ɓeraye za su yanke mana hukuncin.

Daga ranar yaƙi ya tashi tsakanina da su. Na gwada zuba irin a kwanon tuwonmu na rufe da faifai na danne da dutse, suka cinye faifan ta gefe. Na kifa kwano kan kwano na ɗaure, da safe na ga cikin ya yi raɓa, na tuna tulu. Iri abu ne mai rai, yana numfashi, wanda ya taɓa shan laima kuwa iska yake so. Sai na ɗinka masa jaka biyu da zane, na raba shi kamar yadda Inna ta koya mini, na yi ragaya na rataye a azara a tsakiyar ɗaki, inda hayaƙin murhu ke ratsawa. Suka biyo igiya suka sauko kamar masu shiga rijiya. Na huda ƙwarya na zura a igiyar na kifa ta bisa jakar, suka ci ƙwaryar. Talatu ta kawo mini wani tsohon kwanonta da ya riga ya huje, wanda take ba agwagi ruwa. Ya yi mini kwana biyu. Amma fentinsa ya ɓare, duk tsatsa ne, farcensu ya samu wurin kamawa, suka zagayo ta ƙarƙashi. Kullum da safe sai na auna jakar a tafin hannuna in ji ta rage nauyi. Rannan kuma na ɗaga Tanoma na ga jini a ɗan yatsan ƙafarta, an gutsure fatar.

Kakanku ya ga yatsan. Ranar kasuwa ya sayo garin nan mai kashe ɓera da ake ƙullawa a leda. Ya san na ce ba na son sa a ɗakin da yarinya ke rarrafe, don haka bai gaya mini ba. Ya barbaɗa a busasshen kifi ya tura bayan randa kafin ya fita lambu, a zatonsa hannunta ba zai kai ba. Ku riƙe wannan da kyau: don ita ya yi, ba don kansa ba. Da hantsi ina tankaɗe a bakin ƙofa sai na ji ɗakin ya yi shiru, irin shirun da uwa ke tsoro. Na waiwaya. Tana zaune a gindin randa, ta ciro kifin, ta riƙe shi da hannu biyu tana dubawa, bakinta a buɗe. Ban san yadda na ƙetare ɗakin ba. Na buge hannun, na sa yatsa na duba bakin, babu komai, Allah ya tsare bai kai ba. Na wanke mata hannu har ya yi ja tana tsala kuka. Talatu ta shigo da gudu, ta ga kifin, ta ga garin a jikinsa. Ta ɗauke shi da tsinke ta kai bayan gari ta binne.

Ban jira ya dawo ba. Na goya yarinya na bi kunyar albasa har inda yake jan ruwa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ɗaga ido na dube shi a gaban maza ba. Ran nan na dube shi. Na kira shi gefe, don abokan aikinsa kada su ji.

"Malam, kifin da ka ajiye, 'yarka ce ta same shi."

Gugan ya kuɓuce daga hannunsa. Na ce masa tana lafiya. Ya zauna a kan kunya, ya miƙa hannu ya kama ƙafarta mai ciwon, ya riƙe.

"Ɓerayen nawa ne," na ce. "Ka bar mini su. Kai ka ji da ruwa."

"Na bar miki," in ji shi. "Habsatu, kada Inna ta ji."

"Babu mai ji."

Na dawo ɗaki na kwance ƙullin kwanonina. Tun da muka zo ban jera su ba, babu bangon da ya cancanta. Na fito da babban na shafa bayansa. Sumul yake kamar ƙwai, ko ƙuda ya sauka sai ya gyara tsayuwa. Tun ranar da kwanon Talatu ya kasa na san abin da zai yi aiki, ina dai kawar da kaina ne. Na aro ƙusa da guduma wajen mijinta. Ta biyo ni tana tambaya, da ta ga na kifa kwanon a kan turmi na ɗora ƙusa a tsakiyarsa sai ta riƙe mini hannu.

"Ke, 'yar Faransa, rana ce ta taɓa ki? Wannan fa ko a Kano sai an zagaya. Saboda tiya biyu na gero? Zo in auna miki huɗu a ɗakina yanzu."

"Naku ba ya nuna a wurinmu, Yaya Talatu."

"To me za ki ba 'yar nan ranar aurenta? Rami?"

"Zan ba ta garin da za a zo neman aurenta a ciki."

Ta sake ni. Na yi bisimilla na buga. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena, fentin ya tsage kamar tauraro a kewayen hujin. Na tuna uwata tana jan akuya zuwa kasuwar Belbeji, na ce ta yafe mini, na jawo na biyu. Na uku ma ban bar shi ba, domin na gane muddin akwai abin ci a ƙasa ba za su bar ɗakin ba. Shi na tanada don garin tuwonmu da kifi. Na ƙulla ƙulli a kowace igiya, na zura kwanon a kife ya zauna a kan ƙullin yana lilo, jaka na rataye a ƙarƙashinsa, nesa da bango, nesa da ƙasa. Wanda ya biyo igiya zai sauka a bayan kwano, kwano ya karkata, santsi ya kwashe shi. Talatu, da ta ga abin ya tsaya, sai ta shiga yaƙin da ƙarfinta. Ita ta koya mini a cika tukunya da ruwa rabi a watsa dusa a sama har ta rufe, a ajiye daidai inda suke faɗowa. Ni kuma na sari ƙayar bagaruwa na kwaɓa da yumɓu da tulun nan nawa da na farfasa, na bi ramukan ɗaya ɗaya na toshe. Gafiya ta buɗe, na toshe, ta buɗe, na toshe, har ta gaji da ni ta koma ɓangaren shinkafa inda ba a yi mata rashin kunya. Kwanon tuwo ba ya kwana da ko loma, hannun yarinya da ƙafarta ba sa kwana ba wanki. Kullum da safe Talatu za ta leƙo ta katanga.

"Jandarma, nawa aka kama jiya?"

In ɗaga mata tukunya ta gani. Tun ana samu da yawa, aka koma ɗaya, aka koma sai dusa kawai. Jakunkuna suka daina rage nauyi. Na kan kwanta in dubi kwanonin uwata suna lilo a sama, jan furen a kife, in rasa ko kuka zan yi ko dariya.

Zafi ya yi zafi, sannan wata yamma gabas ta yi duhu, iska ta kawo ƙanshin ƙasa daga nesa. Kakanku ya dubi sama ya dubi jakunkunan. Ya ce iri da ya sha laima ya sha hayaƙi, wa ya san ko da sauran rai a cikinsa. Kada mu bar ruwa a nan mu je mu shuka gawa. Maganarsa gaskiya ce. Na ɗebi 'yan ƙwayoyi daga kowace jaka, na naɗe a tsumma mai laima, na sa a inuwar randa. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, ko ranar kifi tsoron bai daɗe haka ba. Safiyar da na kwance tsumman yana zaune yana shan kunu. Na ajiye a gabansa. Kusan dukkansu sun fito da farin zare, wasu har sun huda tsumman. Ya ajiye ludayi, ya ɗauki ɗaya a kan farcensa ya kai kusa da ido.

"Sai in je in sallami mai gona," in ji shi.

Talatu ta raka mu har bakin hanya, ta cusa mini ƙullin busasshen tattasai. Ta ce in na isa in gaida ƙasar da babu ruwa babu ɓera, ta ga dai abin da muke so a cikinta.

Mun iso gida kafin ruwan shuka. Inna Gaji tana nan, ta rame har na kusa wuce ta a ƙofar gida. Nata rabon irin babu shi. Da yunwa ta kai inda ta kai, jikokin maƙwabta suna kuka a bayan danga, ta daka musu. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma nemi a yafe mata ba. Na kwance kaya na ajiye jakunkuna biyu a gabanta. Ta zura hannu ta ɗebo, ta shinshina, ta tauna ƙwaya ɗaya. Sannan idonta ya kai kan kwanonin. Ta ɗaga babban sama, rana ta ratso ta hujin ta sauka a goshinta.

"Ɓera?" in ji ta.

"Ɓera, Inna."

"Uwarki ta haifi mutum."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ni kuwa ya ishe ni har yau. Muka shuka da tsantseni, ƙwaya kaɗan a kowane rami, gonar ma ba ta cika ba. Waɗanda suka shuka geron da aka kawo daga kudu suka samu kara mai tsawo da ganye mai kyau, ruwa ya ɗauke ya bar su da zangarniya ba ido. Namu ya nuna. Inna ta hana a ci ko loma daga mafi kyawunsa. Da kaka maza suka riƙa zuwa zaure wajen kakanku, wannan ya karɓi kaɗan, wancan ya karɓi kaɗan, domin iri a hannun maza yake yawo. Shi ya sa geron da kuke ci yau ake kiransa da sunansa. Nafisa, ke rubuta sunan, ni ba na faɗa: ɗan Issufu. Mata kuwa suka shigo yi mini barka da dawowa, idonsu ya gaida bango, suka ga ƙananan kwanoni babu manyan. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Habsatu ta sayar da jerenta ta ci. Kwanonin suna rataye a cikin rumbu suna aikinsu. Da na fito da su sai an tambayi dalili, dalili kuma zai kai ga kifin da ke bayan randa, ni kuwa na ce babu mai ji. Ranar auren Tanoma gwaggwanninta suka jera mata abin da muka iya saya, aka yi ta 'yan ƙus-ƙus cewa babu babba ko ɗaya na gado. Na ga idonta ya cika. Wannan ne ya fi mini ciwo a cikin duka, kuma ko a ranar ban yi nadama ba.

Inna Gaji ta ga kaka huɗu bayan wannan, ta rasu rumbunta a cike, aka binne ta a garin da ta ƙi bari. Talatu ban sake ganinta ba. Wani mai kai awaki kudu ya taɓa kawo mini gaisuwarta, ya ce in ji ta a tambayi jandarma ko an yi mata ƙarin girma. Daga baya na ji ta rasu a gidan ɗanta, Allah ya haskaka kabarinta. Kakanku bai sake fita ci-rani ba, bai kuma sake shigo da garin kashe ɓeran nan gidana ba. Duk shekara in zai zaɓi iri sai ya kira ni in tsaya a kansa, maza suna yi masa dariya yana ƙyale su. Tanoma ga ta nan da jikokinta, in kun dubi ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu za ku ga tabon. Labarin kifin kuwa yau za ta fara jin sa, in Nafisa ta karanta mata. Kwanoni biyu sun tsufa sun ɓare. Babban yana nan a rumbun bayan gida, a kife bisa irin bana, furensa bai gama gogewa ba. Na ce in na mutu a ba Tanoma shi, gadonta ne da ya makara. Wadda kuma ta sake ce muku mun cinye jerenmu, kada ku yi faɗa da ita. Ku tambaye ta geron da aka yi tuwon gidansu jiya, sannan ku kawo ta rumbu ta ɗaga kai.

Nan na sauke ta. Nafisa, ajiye alƙalamin ki miƙo mini ruwa.